Wa Zai Fasa Kaskon Janar?

"Wannan ba taliya ba ce, ruwan wanke tukunya ne!"

Janar Pei Dingshan ya ture kwanon gefe, ya haɗe rai kamar yana gaban sojojinsa dubu shida. Amma ba a filin fareti yake ba. Yana kishingiɗe ne a kan gadon tubali mai ɗumi, bargo biyu a jikinsa, kuma wadda ke tsaye a kansa ba ta taɓa jin tsoron wannan fuskar ba tun tana rarrafe.

"Likita ya ce ban da tsami, ban da barkono," in ji 'yarsa Shuyun. Ta mayar da kwanon gabansa, ta danƙa masa tsinkayen cin abinci. "Ci, Baba."

"Likitan nan ya taɓa cin yaƙi?"

"Bai taɓa ba. Shi ya sa har yanzu huhunsa biyu lafiya lau."

Janar ya tuntsire da dariya, dariyar ta koma tari. Ya toshe baki da hankici, ya yi maza ya cusa shi ƙarƙashin bargo. Shuyun ta ga jan da ke jiki, ta kau da kai tana gyara matashi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan garin Liuxi yana hannun wannan tsoho. A zamanin da kowane mai bindiga dubu ke kiran kansa janar, ba za a ce hannun Pei Dingshan fari ne tas ba. Amma abu ɗaya gari ya shaide shi da shi: komai yunwar sojansa, bai taɓa bari an taɓa irin shukar talaka ba. Ɗansa namiji tilo, Shuming, ya faɗi a gadar jirgin ƙasa shekara biyu da suka wuce, da harsashin mutanen Janar Hou na hayin kogi. Tun ranar Shuyun ta tattara littattafanta daga kwalejin Tianjin ta dawo gida, da guntun gashinta da ya sa tsofaffin gari riƙe baki.

Aka ɗaga labule ba ko gyaran murya. Baffa Dinghai ne, ƙanin Janar, kwamandan runduna ta biyu. A bayansa ɗansa Jinbao, gashi na ɗigar mai, turarensa ya riga shi shigowa.

"Yaya, ka ga yadda ka yi kyau yau! Jiki ya dawo!" Bakin Baffa na wajen mara lafiya, idonsa na kan hatimin da ke bisa tebur.

"In na yi kyau, me ya kawo ka da fuskar ta'aziyya?"

"Haba Yaya! Jinbao, durƙusa ka gai da babanka."

"Baffansa dai," Shuyun ta gyara masa.

"Yau baffa, gobe uba, 'yata. Ba fata nake ba, amma gida kamar wannan ba ya zama babu mai fasa kasko. Ke kuwa, duk karatunki, mace ce. Gobe wani zai ɗauke ki, ki je kina yi wa kakannin wasu shara."

"Har na gwada da kaskon shuka jiya, Yaya Shuyun," Jinbao ya cafe yana washe baki. "Bugu ɗaya, warwas!"

Janar ya dube su uba da ɗa, ya ce, "Fita."

Babu yaro a Liuxi da bai san maganar kasko ba. Ranar da za a ɗaga akwatin gawa, ɗan mamaci ne ke ɗaukar kaskon da aka ƙona takardun makoki a ciki, ya maka shi da ƙasa a ƙofar gida. Wanda ya fasa shi ne ɗa, shi ke da gida, shi ke da hatimi. Hafsoshin Janar kuwa gidan Pei suka yi wa rantsuwa, duk wanda ya fasa shi za su bi.

"Wasiƙa uku baffanki ya aika wa Hou a wata guda," Janar ya ce bayan takunsu ya yi nisa. "An yi masa alkawarin babbar kujera. Ranar da waccan kwalbar turaren ta fasa kaskona, kashegari za a buɗe ƙofar gabas ga mutumin da ya kashe yayanki."

"To ka kama shi mana, Baba!"

"Ƙanina ne, Yun. Nono ɗaya muka sha. Kuma runduna ta biyu tana bayansa, in na taɓa shi garin nan zai ci kansa." Ya numfasa. "Hanya ɗaya ce. Kyaftin ɗin nan mai tsaron ƙofar gabas, wanda kike kai wa littattafai kullum da yamma..."

"Baba!"

"Makaho ne ni? Luo Wenbai. Yaro ne mai kai. Ya shigo gidan nan a matsayin mijinki, ya ajiye sunan Luo ya ɗauki Pei, a rubuta shi a littafin zuri'a. Sai ya zama ɗana, ya fasa kaskona. Kin samu miji, na samu magaji, baffanki ya samu ciwon ciki."

Da yamma Shuyun ta hau ganuwa. Wenbai na jingine da wata tsohuwar igwa, dogo, kunnuwansa sun yi ja saboda sanyi. Da ya hango ta sai ya ƙame ya sara mata.

"Ranki ya daɗe, yau wane littafi aka kawo wa jahilin soja?"

"Yau babu littafi, Kyaftin. Yau jarrabawa ce."

Ta faɗa masa komai, ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Bai bari ta rufe baki ba.

"Suna kawai? Na ɗauka za a ce in kawo kan Hou a faranti! Ki kira ni Pei, ki kira ni Kabewa, in dai ke ce mai kiran."

Ta yi dariya har ta dafa igwar. Sannan ta ce, "Innarka fa?"

Murmushinsa ya ɗan dushe. Ya juya yana kallon gonakin alkama. "Inna za ta fahimta."

Shuyun ba ta tsaya nazarin wannan juyawar ba. Zuciyarta cike take fal. Wace mace ce a Liuxi aka taɓa ajiye suna dominta? Ta ƙudurta ita da kanta za ta je ta gai da tsohuwar, da siliki da ganyen shayi mai kyau, don duniya ta san 'yar Janar ba ta da girman kai.

Kashegari da hantsi ta shiga Lungun Masu Takalma, sojoji biyu na biye da ita ɗauke da kaya. Ba ta ma lura da yadda ƙofofi ke rufuwa ɗaya bayan ɗaya ba.

Ɗaki ɗaya ne gidan. Ta iske Inna Luo, 'yar ƙaramar tsohuwa, tana goge wani allon katako mai ɗauke da sunan marigayi mijinta, irin wanda ake ajiye wa mamaci abinci a gabansa, ga ƙoƙon kunun gero yana tururi a gabansa. Tana ganin baƙuwar sai ta zube, goshinta a ƙasa.

"Inna, tashi! Haba, mene ne haka?"

"Ranki ya daɗe, Wenbai ya gaya min ana son sa. Ga shi nan, a ɗauka. Mu su wa da za mu ce a'a?"

"Ba umarni na kawo ba, Inna. Gaisuwa na zo."

Tsohuwar ta ɗago ta dubi sojojin da ke bakin ƙofa. "Bara ma, da mutanen runduna ta biyu suka zo karɓar alfadarin maƙwabcinmu, gaisuwa suka ce sun zo."

Kunya ta lulluɓe Shuyun daga kai har ƙafa. Ta kori sojojin, ta zauna a daɓe da rigarta ta siliki, ta ce ba za ta tashi ba sai Inna ta zauna. Tsohuwar ta zauna, ta buɗe baki.

"Wenbai yana ɗan shekara tara ubansa ya rasu. Shekara goma sha shida ke nan. Dangi suka ce in sake aure, na ce da wa zan bar wannan allon? Abu biyu ya bar min, allon nan da yaron nan, na kuma yi masa alkawarin sunansa ba zai mutu a hannuna ba. Kullum da safe sai na ba shi kununsa kafin in sha nawa." Ta share ido da bayan hannu. "Ban ƙi ki ba, 'yar nan. Tun da na ga ya fara wanke wuya sau biyu a rana na san akwai wata. Abu ɗaya kawai nake tambayar kaina. Ya fasa na Janar, ya zama ɗan Janar. To ni fa? Wa zai fasa nawa? Wa zai ba wa wannan kunu?"

Shuyun ta dubi yatsun matar. Allurar ɗinkin takalma ta huda su har sun yi kanta. Da waɗannan yatsun aka yi kyaftin guda, ita kuma ta zo da siliki da bindigogi biyu za ta ɗauke shi a yini ɗaya.

Ta miƙe ta je gaban allon, ta durƙusa ta sunkuya sau uku.

"Ba zan ɗauke shi ba, Inna. Luo aka haife shi, Luo zai zauna."

Tsohuwar ba ta yi godiya ba. Kallon ƙafar Shuyun kawai take yi. "Ƙafarki babba ce. Ba a ɗaure miki ita tun kina yarinya don ta tsaya ƙarama ba?"

"Babana ya hana."

"Uhm," in ji Inna Luo, ta ci gaba da kallon ƙafar.

Ranar nan Shuyun ta sha faɗa biyu. Na farko a kan ganuwa.

"Kin yanke hukunci a kan sunana ba ki tambaye ni ba?" Wenbai ya daka mata tsawa, abin da bai taɓa yi ba. "Ke da babanki duk ɗaya kuke!"

"Kai ma ka yi kyauta da abin da ba naka kaɗai ba ne."

"Garin fa? Dubban mutane za su faɗa hannun Hou saboda allo guda?"

"In na fara riƙon garin da ƙwace ɗan gwauruwa, me ya raba ni da Hou?"

"To ni fa, Shuyun? Ni kin bar ni ke nan?"

"Ban bar ka ba. Na ƙi sayen ka da hawayen innarka ne."

Sannan ya ƙame, ya sara mata irin sarawar da ake yi wa baƙon hafsa, ya juya ya tafi. Sai da ta sauko daga ganuwar ta bari hawayen suka zubo.

Na biyu ya fi zafi. Janar ya yi jifa da kofin shayi har ya daki bango.

"Kin zaɓi tsohuwa mai ɗinkin takalma a kan ubanki!"

Ta durƙusa a gaban gadon tana kuka, amma kanta a ɗage. "Kai ka koya min ba a taɓa irin shukar talaka, Baba. Shi ne irinta. Ba ta da wani."

Tsohon ya juya fuska ga bango. Can ya ce, "Wannan taurin kai daga ina kika samo shi?"

"Gado ne."

Kwana uku bayan nan, da safe, ƙanƙara na sauka a tsakar gida, Janar ya kama hannunta. "Da ke namiji ce..." Ya girgiza kai. "A'a. Da na yi asara." Kafin rana ta ɗaga ya cika.

Kwana bakwai aka sa na zaman makoki kafin jana'iza. Tun rana ta biyu Baffa Dinghai ya koma zama a kujerar yayansa yana karɓar gaisuwa. Rana ta huɗu manzon Janar Hou ya iso da farin yadi na ta'aziyya, aka ba shi masauki a cikin gida. Shuyun na durƙushe gaban akwati tana ƙona takardu a kasko, tana jin dariyarsu daga zaure. Wenbai na tsaye a ƙofa da bindiga, ko inda take bai kalla ba. Sau nawa ta ji kamar ta tashi ta ce masa ta janye maganarta! Amma duk sanda ta yunƙura sai muryar tsohuwar ta dawo mata: wa zai fasa nawa?

A rana ta biyar, tana cikin maimaita tambayar nan, idonta ya sauka kan Baffa yana gyara wa Jinbao wuyan riga. Sai hannunta ya tsaya cak a kan kasko. 'Ya'yan Baffa biyar ne. Huɗu mata, Jinbao kaɗai ne namiji.

Ta haɗa shayi ta nufi ɗakin Kaka Songnian, dattijon zuri'ar Pei mai shekara tamanin da biyu, wanda littafin zuri'a ke hannunsa, kuma kunnensa ba ya jin komai sai abin da ya ga dama.

"Kaka, wanda ya fasa kasko, a ƙarƙashin sunan wa ake rubuta shi?"

"Na mamacin mana. A soke shi daga inda yake."

"Kafin fasawa ko bayan fasawa?"

"Tun zamanin kakana, kafin. Amma baffanki ya ce a bar rubutu sai ƙura ta lafa."

"Af! Ashe yanzu Baffa ne ke koya wa Kaka yadda ake riƙon littafi?"

Tsohon ya ajiye kofi. Ya gyara zama. Ya shafa gemu. Shuyun ta ƙara masa shayi ta fita.

Ranar jana'iza duk Liuxi ta yi fari da kayan makoki. Majiya ƙarfi talatin da biyu sun sa kafaɗa a sandunan akwati. Runduna ta farko ta jeru dama, ta biyu hagu. Manzon Hou na zaune a inuwa yana kaɗa ƙafa. Aka fito da kasko aka ajiye a bakin ƙofa. Jinbao ya tako cikin rigar rama ta makokin ɗa, wadda ya ɗora a kan ta siliki, yana susar wuya. Ya sunkuya zai ɗauka.

"Dakata!"

Kaka Songnian ne, an kawo masa tebur, littafi a buɗe, alƙalamin gashi a jiƙe da tawada.

"Pei Jinbao zai zama ɗan Dingshan. Zan soke sunansa daga ƙarƙashin Dinghai. Dinghai, ka sallama?"

Baffa ya matso yana murmushin yaƙe. "Kaka, ai mun yi magana..."

"Da ni kurma ka yi magana? Ban ji ba."

"To a rubuta shi gida biyu mana! Ai ana yi."

"Ana yi, in mamacin ya roƙa da bakinsa. Ka ji ya roƙa? Ni 'fita' aka ce min ya ce."

Wasu daga cikin sojoji suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Shuyun ta tako gaba, muryarta ba ta rawa.

"Baffa, ban hana ba. Ga kasko, ga Jinbao. Tambaya ɗaya ce, kuma ba tawa ba ce, aro na yi. Ranar da za a ɗaga naka akwatin, wa zai fasa? Wa zai ajiye wa allonka abinci?"

Fuskar Baffa ta koma kalar toka. Watanni yana lissafin bindigogi da kujera, wannan kaɗai ne bai lissafa ba. Ya dubi littafin, ya dubi alƙalamin.

"Kai Kaka, soke mana!" Jinbao ya yi tsaki. "Mene ne a ciki? Tsohon nan in ya mutu a yi hayar wani ya fasa masa. Rigar nan cizona take yi!"

Baffa Dinghai ya juyo a hankali ya dubi ɗansa, kamar yau ya fara ganinsa.

"A yi hayar wani?"

Tas! Marin ya kai har ƙarshen layin sojoji. Ya kama rigar ramar ya fizge ta daga jikin yaron. "Ban sallama ba! Sakarai ne, amma nawa ne!" Ya zube a gaban akwatin, ya rungume shi yana kiran "Yaya! Yaya!" Kukan gaskiya na farko da ya yi a kwana bakwai.

To amma fa kasko na nan a ajiye. Ba a ɗaga akwati sai an fasa shi, kuma sa'ar da aka zaɓa tana wucewa. Hafsoshin dama suka fara hararar na hagu, hannuwa suka fara gangarawa ƙugu. Manzon Hou ya daina kaɗa ƙafa, ya gyara zama kamar mai jiran wasa.

Wenbai ya fito daga layi. "Kaka, rubuta ni Pei. Ni zan fasa."

"Koma layinka, Kyaftin!" Shuyun ta ce ba ta ko waiwaya ba. Ta sunkuya ta ɗauki kaskon da hannu biyu.

Aka ɗauki guna-guni. Kaka ya buga tebur. "Ke yarinya, ajiye! Na bi ki har nan, amma mace ba ta fasa kasko."

"In ji wa?"

Muryar 'yar siririya ce, daga cikin taro ta fito. Mutane suka dare. Inna Luo ce, da ƙunshi a hammata, tana ture sojoji da gwiwar hannu kamar awaki.

"Ni ma mace ce, Kaka. Shekara goma sha shida ina ciyar da kakannin gidan Luo, ko sau ɗaya ba su dawo min da ƙoƙon sun ce hannun mace ne ba."

"Baiwar Sama, ke kuma wace ce? A madadin wa za ta fasa? Littafi namiji yake so."

"A madadin ɗanta na fari. Yarinyar nan ta zo gidana da ikon ɗaukar ɗana, ta bar min shi. Ɗana ban bayar ba, amma jikana na bayar, da hannuna, ba wanda ya sa ni. Rubuta: na fari Pei, na biyu Luo."

"In ɗaya kawai aka samu fa?"

"Sai ya ci abinci da yawa, kasko biyu ke jiransa."

Dariya ta ɓarke a wurin makoki, har masu ɗaukar akwati. Kaka ya cije gemu. "Ai ko baiko ba a yi ba!"

"Shi na zo yi. Ina nema wa ɗana Wenbai auren wannan yarinya, a gaban ubanta da gari gaba ɗaya. Wa ke bayarwa?"

Duk idanu suka koma kan mutum ɗaya. Shuyun ta je, da kaskon a hannu, ta durƙusa a gabansa.

"Baffa, kai kaɗai ka rage min."

Dinghai ya ɗago jajayen idanunsa. Bayan duk abin da ya ƙulla, ita ce a durƙushe tana ba shi girmansa a bainar jama'a. Ya share fuska da hannun riga, ya miƙe tsaye.

"Ni ne baffanta. Na bayar."

Kaka Songnian ya daɗe alƙalami na sama. Sannan ya rubuta a ƙarƙashin sunan Dingshan: jika mai zuwa. Ya bar fili a gabansa.

Inna Luo ta kwance ƙunshinta. Fararen takalman makoki ne, ɗinkin hannu. Ta tsuguna ta sa wa Shuyun, suka zauna mata cif kamar an auna.

"Ɗaga da kyau, 'yata," ta raɗa mata. "Bugu ɗaya ake yi."

Shuyun ta ɗaga kaskon sama da kanta. Ta tuna taliya mara tsami, ta tuna gadar jirgin ƙasa. Ta maka shi da ƙasa da dukkan ƙarfinta. Ya tarwatse, toka ta tashi, ɓaraguzai suka watsu har gaban takalmin manzon Hou. Runduna ta farko ta zube gwiwa ɗaya. Ta biyu ta dubi kwamandanta, ta ga shi ma ya sunkuya, ta bi. Akwati ya tashi. Manzon bai tsaya cin abincin rana ba.

A hanyar dawowa daga maƙabarta Wenbai ya jera da Shuyun.

"Na yi miki tsawa," ya ce.

"Ka yi. Na rubuta."

"Yanzu sai yaushe?"

"Sai na fita makoki. Wata ashirin da bakwai."

"Har kin ƙirga!"

"Kai ba ka ƙirga ba?"

"Har da kwanakin," in ji shi, kunnuwansa suka yi ja, ba don sanyi ba.

Suka jira. Da bazara Hou ya zo da igwa ya tarar da ƙofar gabas a garƙame, kuma wanda ya riƙe gadar jirgin ƙasa kwana tara ba kowa ba ne sai Baffa Dinghai. Wata ashirin da bakwai cif aka yi biki, gari ya koma ja da adon biki kamar yadda ya yi fari ranar jana'iza. Ɗan fari ya zo, Kaka ya cike filin da ya bari, Pei.

Sai ya rage wadda ta fi kowa iya jira. Haihuwa ta biyu mace, ta uku mace. Inna Luo ta ɗinka wa kowace takalmi, ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai Shuyun ce ke shiga ɗaki tana kuka a ɓoye. Shekara tara bayan fasa kasko, idon tsohuwar ya kusa rufewa, aka ɗora mata jariri namiji a cinya.

"Sunansa Luo, Inna," in ji Shuyun.

Tsohuwar ta ce a kama ta. Aka kai ta gaban allon katako, ta ɗaga jaririn.

"Ka gani? Na ce maka ba zai mutu a hannuna ba. Sha kununka."

Har yau in 'yan matan Liuxi suna taƙama, da Shuyun suke yi, kuma suna da gaskiya. Amma duk mai son ya ɗauki darasi ya duba da kyau. Da ta ƙwace ɗan tsohuwar nan, da ta samu miji da gari a yini ɗaya, ta kuma rasa uwa har abada. Ta ƙi gina gidan ubanta da rushe na wata, ta haƙura a lokacin da haƙuri ya fi ɗaci, sai abin da ta ƙi ƙwata ya zo mata da ƙafarsa, har da ƙari. Soyayyar da ta san darajar iyaye, nata da na wanda take so, ita ce ta riƙe gida biyu da gari guda.